Hular Injiniya a Gonar Albasa

Akwai ranakun da mutum kan manta da su tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wadda ko tsufa ya kwashe maka komai ita za ta tsaya. Tawa wata Talata ce a ƙarshen zango na biyu, muna ajin ƙarshe na sakandare, ranar da aka ɗauke mu hoton fita. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, domin a ranar ce na kusa rushe wa aminina burinsa da babban yatsana.

Mu uku ne a ajinmu ba a ganin ɗaya sai da biyun, kuma babu wanda ake kira da sunansa na yanka. Na farko muna ce masa Injiniya. Shi tun muna aji ɗaya in muka biyo bakin kanal za mu tafi makaranta, sai ya tsaya a wurin ƙofar ƙarfen da ake sako ruwa yana kallo kamar an ba shi ajiyarta, sai mun ja shi. Burinsa ya karanci aikin ban-ruwa. Na biyu Dakta, Bafulatani ne daga wata ruga a bayan garinmu, mai son zama likitan dabbobi. Ranar kasuwar Bunkure za ka same shi a rumfar masu maganin shanu yana karanta wa dattawan rugarsu abin da ke jikin kwalba, yana hana su sayen wanda ya gama aiki. Na ukun ni ne, Rediyo. Ba na buga ƙwallo, amma duk wasan da aka yi a filin makarantarmu ni ne mai sharhi, da totuwar masara a bakina a matsayin abin magana. Mahaifiyata takan ce da surutu ana auna shi a buhu, da ni na ciyar da gidanmu.

A cikinmu Injiniya ne kaɗai ke da matsala. Ba ta ƙwaƙwalwa ba, don lissafi a hannunsa kamar shan kunu ne. Matsalarsa mahaifinsa. Dattijon shi manoman layin ruwansu suka ɗora wa rabon ruwa, shi ke cewa yau na wane ne gobe na wane, shi kuma ake kai wa ƙara in wani ya tare wa wani ko ya malala masa ruwa a gona. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya faɗa ta zauna. Shi a ganinsa wanda aka haifa a bakin kanal ba sai ya je birni an koya masa ruwa a allo ba. Da ɗan ya matsa, sai ya yanka masa wani yanki na gona a farkon rani, ya ce ya dasa shinkafa, ya kula da ita shi kaɗai, ban da taimakon kowa na gidan.

"Daga dashe har yanka," in ji shi, "in aka kawo mini ƙararka sau ɗaya a kan ruwa, ka ajiye maganar karatu ka ɗauki fartanya. In ba a kawo ba, ka tafi da albarkata."

Injiniya ya riƙe wannan sharaɗi da hannu biyu. Wata biyu cur babu wanda ya ji kansa da kowa. To sai aka sa ranar hoto, ta faɗo daidai da Talatar da ake sako wa layinsu ruwa. In ya bar ta ta wuce, sai wani makon, shinkafa kuwa ba ta san uzuri ba.

Muka zauna a ƙarƙashin darbejiyar makaranta muka tsara komai. Da sassafe zai je ya sa bututu, wato lanƙwasassun robobin nan da ake janyo ruwa da su daga ƙaramar hanyar ruwa zuwa cikin gona. In ya sa da bakwai, ya ce, da sha ɗaya gonar ta ƙoshi. Sai ya hau keke ya je ya zare, ya dawo a ci gaba da hoto. Abu ɗaya ya rage, shi ba shi da waya ba shi da agogo. Dakta yana da waya, amma kullum a mace take, don rugarsu babu wurin caji. Nan na bugi ƙirji.

"Bar mini wannan," na ce. "Sha ɗaya na cika za ka ji ni. Ai ɗan rediyo da lokaci aka san shi."

Dakta ya dube ni ya ce, "Kaɗo, kai da ko sallama sai ka yi mata gabatarwa?" Muka yi dariya, na saita ƙararrawar wayata a gabansu, kowa ya gani.

Ranar Talata muka raka shi gona tun da duku-duku. Sa bututu shi ma gwaninta ne. Za ka nutsa shi cikin ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka fizgo shi ka kwantar a ƙetaren kunya, sai ruwa ya biyo. Ni sai na yi sau biyar ina jiƙa wando bai kama ba, shi kuwa fizga ɗaya yake yi. Ya jera guda shida. Kafin mu tafi ya nuna mana gonar da ke ƙasa da tasa, kunya ɗaya ce ta raba su. Albasa ce ta wani tsoho da duk layin ake shakkar bakinsa. Ta ƙosa, ganyenta ya kwanta, an yanke mata ruwa kusan mako biyu don ta bushe a cire ta jibi, a kai rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a adana har ta yi daraja. Duk ɗan yankinmu ya san albasar da ta kai nan ba ta da maƙiyi kamar ruwa. In ta sha, ba ta ajiyuwa, ruɓewa za ta yi.

"Kun ga wannan?" in ji Injiniya. "Ko yawu ba na so ya ɗiga a cikinta."

Makaranta kuwa ranar ta cika ta batse. Mai hoto daga Kano aka ɗauko shi, ya zo da ɗan janareto da injin wanke hoto da wata babbar jaka. Da ya zuge jakar sai ihu ya tashi. Ban da baƙar rigar kammala karatu da hularta mai tunku, guda ɗaya tal da za mu yi ta karɓa-karɓa mu arba'in da wani abu, akwai farar rigar likita da abin sauraron ƙirji, akwai gashin lauya da ya ji jiki, akwai rawayar hular kwano ta injiniyoyi, har da hular matuƙin jirgi. Kowa zai yi hoto biyu, ɗaya da rigar fita, ɗaya da kayan abin da yake son zama. Nan na ga abin dariya. Wanda bai taɓa cin lissafi ba ya rungume hular matuƙi ya ce in ba ita ba sai dai a fasa. Mutum tara suka yi layi a kan rigar likita. Wani da mahaifinsa ke dillancin tumatir a Kadawa ya ce shi babu ruwansa da ƙarya, a ba shi kwando ya riƙe, don motoci yake son ya riƙa lodawa zuwa Kudu.

Ana cikin haka malamin ajinmu ya miƙo mini lasifikar da ake taron safe da ita, ya ce in riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, abin nema ya samu. Shekara shida ina magana a totuwa, yau ga ta gaske a hannuna. Ban tsaya kiran suna kawai ba, kowa sai da na yi masa kirari, na faɗi burinsa, na tono wani abin kunyarsa na aji ɗaya. Malamai suna dariya, shugaban makaranta da kansa ya fito ya tsaya yana murmushi. Kaina ya yi girma har na ji hular tunkun ma ba za ta shige ni ba.

Shi kuwa Injiniya, janareton mai hoto ne ya ɗauke masa hankali. Ya yi tari sau biyu ya mutu, mai hoto ya rasa ta cewa, sai ga mutumina ya durƙusa ya kwance fulogi yana hurawa. In dai ya sami ƙarfe a hannunsa, ko gobara ake yi ba zai ɗago ba. Kuma hankalinsa a kwance yake, tunda ya bar amana a wurin mai ita.

Sha ɗaya ta cika. Na ji wayar tana rawa a aljihuna, daidai lokacin da nake tsakiyar wasa wani mai gashin lauya, jama'a na tafi. Ban manta da abin da ake nufi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na sani sarai. Na dai ce a raina bari in ƙarasa wannan, minti biyu ba za su kashe kowa ba. Na zura hannu na danne ta da babban yatsa. Daga wannan sai wancan, daga wancan sai na gaba, maganar ruwa ta fice mini fit.

Sunan Injiniya yana can ƙarshen rajista. Da aka zo kansa ya wanke hannu, ya ɗora rawayar hular nan, ya harɗe hannu a ƙirji. Wallahi ta yi masa kyau. Na cika baki na ce, "Ga wanda zai raba wa Kano ruwa ba tare da ɗigo ɗaya ya ɓace ba!" Mai hoto ya ce, "Ɗago kai kaɗan, Injiniya." Sai ladanin masallacin bayan makaranta ya kwaɗa kiran Azahar.

Har yau ina ganin fuskarsa. Murmushin ya tsaya cak, ya juyo a hankali ya dube ni.

"Rediyo, wannan kiran mene ne?"

Bai jira amsa ba, ya ruga ya haye keke da hular a kansa. Dakta, wanda ke sanye da farar rigar likita a lokacin, ya bi bayansa. Mai hoto yana ihu, "Kai, kayana! Kayana!" Ni kuma abin kirki ɗaya da na yi a ranar shi ne na ɗaga lasifikar na ce, "'Yan aji shida, ruwan Injiniya ya shiga albasar mutane! Duk mai ƙaunar Allah ya biyo mu!" Ban ƙara ko kalma ba. Duk ajin 'ya'yan manoma ne, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Malaminmu ma cewa ya yi, "Ku tafi mana, me kuke jira?"

Wanda ya ga wannan ayari a bakin kanal ya ga abin ba da labari. Kekuna ɗauke da mutum uku-uku, wasu a ƙafa, lauya ya dafe gashinsa da hannu ɗaya, matuƙin jirgi a bayan keke yana salati, baƙar rigar fita tana tashi a bayan wani, mai hoto a ƙarshe kan ɗan acaɓa yana bin dukiyarsa.

Abin da muka tarar ya kashe mana dariya. Gonar shinkafa ta cika ta tumbatsa, ta ɓalle kunyar tsakani, ruwa yana kwarara cikin albasa, ya riga ya shanye fangali kusan goma sha biyu. Tsohon yana tsaye a ciki har idon sawu, hularsa a hannu, yana faɗan da ban taɓa jin irinsa ba.

"'Ya'yan boko! Wahalar wata huɗu! Yau sai uban yaron nan ya ji da ni!"

Na dubi Injiniya, na zaci zai durƙusa ya yi ta ba da haƙuri, ko ya shaƙe ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zare bututun shida ya watsar. Ya ɗauko fartanya a bukkar tsohon, ya nufi gefen gonarsa da ke kallon magudanar da ke kwashe ragowar ruwa, ya sare kunyarsa da hannunsa. Dakta ya ce, "Kai, ruwanka na mako guda fa!" Ya ce, "In bai fita ta nan ba, ta can zai ci gaba da fita." Muna kallo ruwan da ya yi sammako dominsa ya bi magudana ya tafi. Ya sa mutum biyar suka toshe ɓarakar tsakani da laka.

Saura na cikin albasa. Tsohon ya nuna kusurwar gabas, ya ce a fasa can, nan ne gangaren gonarsa. Har an ɗaga fartanya Injiniya ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri kaɗan." Ya damƙo busasshen ganyen albasa ya marmasa, ya watsa a kan ruwan, ya tsuguna yana kallo. Ganyen ya ɗan yi jim, sannan ya soma tafiya a hankali, ba gabas ba, kudu.

"Baba, nan ya karkata."

"Kai za ka nuna mini gonata? Kafin a haife ka nake nomanta!"

"Haka ne, Baba. Amma dubi inda yake tafiya."

Tsohon ya duba, ya yi tsaki, ya kau da kai. Injiniya ya fasa ta kudu. Ruwa ya bi kamar dama jira yake a buɗe masa ƙofa.

Mu kuma muka shiga cirar albasar da ta jiƙa, mu arba'in da wani abu, layi-layi, muna miƙa wa juna ana shanyawa a busasshen tudu. Farin yunifom ya koma ruwan ƙasa. Gashin lauya ya faɗa cikin laka, aka tsamo shi kamar jiƙaƙƙen ɗan tsako. Wani ya ɗauko waƙar da muke yi a gasar ƙwallo, duk aka amsa. Aikin da zai ci wa tsohon kwana biyu da 'yan ƙwadago, kafin La'asar mun share shi. Muka yi alwala a kanal muka yi salla a bakin gona. Mai hoto, da ya gaji da kukan kayansa, sai ya ce mu taru. Ya ɗauke mu a nan, cikin laka, tulin albasa a gabanmu. Tsohon bai ce an gode ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya sa hularsa ya ce, "Bayan Magariba ina nan zuwa gidanku."

Ban iya cin tuwo ba a ranar. Ana idar da Magariba ni da Dakta muka je muka sami Injiniya a ƙofar gidansu. Mahaifinsa na zaune a tabarma a soro, labari ya riga ya kai masa. Na durƙusa na faɗi gaskiya, na ce laifina ne, ni na danne ƙararrawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na ji, ɗana. Amma ba kai na ba wa gona ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Injiniya kansa a sunkuye.

Sai ga sallamar tsohon. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, mu muna rakuɓe a gefe kamar kajin da ruwa ya doka. Sannan ya gyara murya.

"Malam, ɗanka ya shayar mini da albasa. Wadda ta sha ba za ta ga rudu ba, sai dai in kai ta kasuwa da ɗanyenta."

"Na ji labari," in ji mahaifin. "Kuma yaron ya san abin da muka yi da shi. Tunda an kawo ƙara, magana ta ƙare."

Tsohon ya ɗaga hannu. "Wa ya kawo ƙara? Ka ji na ce ƙara? Ni gaisuwa na zo yi." Ya juya ya harari Injiniya. "Na ga masu malala wa mutane ruwa da yawa a layin nan, kai ma shaida ne. Kowa gudu yake yi, ko ya rantse ba shi ba ne. Ban taɓa ganin wanda ya zubar da nasa don ya ceci na wani ba sai yau. Kuma duk shekarun nan ina fasa gonata ta gabas ina zagin ruwa ya ƙi fita, ashe ni ne ban san ta ba. Ka bar shi ya je ya karanto abin nan. In ya dawo ya zo ya daidaita mini ita."

Mahaifin ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "To, tunda gaisuwa ce, mun amsa." Ya dubi ɗansa. "Saura wata guda a yi yanka. Kada a ƙara zuwa gaishe ni."

Muna fita waje Dakta ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ban ji kunyar kowa ba. Injiniya ya dafa kafaɗata ya ce, "Gobe kai za ka wanke wa mai hoto kayansa." Na kuwa wanke su, har gashin lauyan, a bakin kanal, mata masu wucewa suna tambayata ko tunkiya na yanka.

Shinkafar ta sha ƙishirwa a makon, gefe ɗaya ya ɗan ƙone, amma ta kai yanka ba a sake jin kansa da kowa ba. Ya tafi karatunsa. Yau in ka bi bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure ka ga wani dogo da rawayar hula yana gardama da manoma a kan ƙofar ruwa, shi ne, kuma wannan hular tasa ce ba ta aro ba. Dakta yana yawon rugage da akwatin allura a bayan babur. Ni ma Allah ya cika mini nawa, ina magana ana ji a gidaje. Hoton nan na cikin laka shi ne a bangon ɗakin kowannenmu, don Injiniya bai taɓa samun nasa na shi kaɗai ba. Kuma har yanzu ba ya kirana a waya sai ƙarfe sha ɗaya daidai. In na ɗauka, kafin sallama sai ya ce, "Rediyo, na ce ko ta cika?"

Abin da ranar ta koya mini shi ne, "bar mini wannan" ba ƙaramar magana ba ce. Duk wanda ka faɗa wa ita ya sauke kayansa ne ya ɗora maka, ya juya baya bai ƙara waiwaye ba, wani lokacin kuma duk rayuwarsa ce a cikin kayan. Tun daga wannan Talata, in na ɗauki alkawarin lokaci, ko ina tsakiyar magana ce mai daɗi ana tafa mini, ƙararrawa na kaɗawa nake yin shiru in tashi.